Goron Suna da Basmar Zaharadden

A unguwar Sa'alaba ta birnin Jidda akwai wani saurayi, Zaharadden ɗan Malam Hussaini, wanda Allah Ya yi wa baiwar baki, natsuwar kuwa sai Ya ɗan taƙaita masa. Haihuwar Jidda ne, in ya ɗauko magana da Hausa sai Larabci ya ƙwace ta a tsakiya. Iyayensa suka yi ta maza suka tura shi wata jami'a a Malesiya ya karanta kimiyyar sinadarai, don ya samu aiki a ɗakin gwaji in ya gama. Wannan shi ne babban karatun. To, ashe jami'ar tana barin ɗalibi ya ɗauki wani ɗan ƙaramin karatu ya rataya a gefe. Sai Zaharadden ya zaɓi na binciken laifi, wato yadda ake gano ɓarawo ko mai kisa ta sawun ƙafarsa, da zanen yatsunsa, da silin gashin da ya yar.

In maƙwabta suka tambayi mahaifiyarsa Tani bambancin karatun biyu, cewa take, "Babban shi ne tuwon, ƙaramin yaji ne a gefen faranti. Sai dai ɗan naku ya ture tuwon, yajin yake ta lasa."

Zango ɗaya kacal ya yi a ƙaramin karatun, amma da ya zo hutu sai ka rantse shi ya kafa fannin. Ya taho da farar rigar ɗakin gwaji da gilashin ƙara girma, ba ya rabo da su. Ya taɓa duban takalmin Yazan mai baƙalar bakin layi, wato shagon kayan masarufi, ya ce, "Daga Makka kake, ƙurar nan ta gaya mini." Yazan ya ce tun da ya buɗe shago bai tashi daga kujera ba, kuma ƙurar fulawa ce. Zaharadden ya gyaɗa kai ya ce, "Haka ma na yi zato," ya wuce.

Abin da ke ransa a hutun nan ɗaya ne: Mubina, 'yar Baba Ikrama. Shi Baba Ikrama dattijon layin ne, shi ke raɗa suna, shi ke ɗaura aure, ba ya dariya sai da dalili. Tani ta aika an tuntuɓe shi, amsar da ya bayar gajeriya ce: "Ranar sunan jikarki zan zo. Zan dubi yaron in ga hankalinsa. In ya kwanta mini, ku turo manya kafin ya koma makaranta."

Jikar kuwa 'yar Lailatu ce, yayar Zaharadden, wadda ta zo gida wankan haihuwar fari. Ranar suna ta faɗo Juma'a. Da safe Tani ta ja ɗanta gefe ta riƙe masa haɓa.

"Dini, abu uku nake roƙonka saboda Allah. Ka gaida mutane, ka zuba shayi, ka yi shiru."

"Ɗayyib, Umma. Amma in wani abu ya faru..."

"Ba abin da zai faru."

Ba ta rufe baki da daɗewa ba abu ya faru.

Maza sun cika falo, mata sun cika tsakar gida, shinkafa na kan wuta. Malam Hussaini ya riga ya tafi mayanka da rago, yana can yana jira a buga masa waya a gaya masa suna, a yanka. Tani ta shiga kicin ta miƙa hannu saman firij ta sauko da shuɗiyar robar da ta ajiye goro, sai ta ji ta sakayau. Ta buɗe. Wayam.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Ba goron layi ba ne, wanda ya sha hanya ya yamutse. Wannan surukar Lailatu ce da kanta ta zaɓo shi a Kano, ta ba wata mai zuwa umra ta riƙo, ta kuma buga waya ta ce a raba wa kowa da sunanta. A yi suna ba goron kaka? Da wace fuska za a dubi Munir, uban jaririya, da danginsa?

Mata suka ɗauki salati. Zaharadden kuwa da ke tsaye da butar shayi sai ya ji wani sanyi ya ratsa zuciyarsa. Ga laifi, ga jama'a, ga Baba Ikrama a falo, ga Mubina a tsakar gida tana yanka albasa. In ba Allah ne Ya tsara masa ranar nan ba, to wa? Ya dire butar ya ruga ɗaki. Ya fito da farar riga a kan jallabiya, gilashi a hannu, hannayen kuma cikin safar wanke-wanken Umma, ruwan ɗorawa, har gwiwar hannu.

"Kar wanda ya motsa! Kar wanda ya taɓa komai!"

"Dini," in ji Tani a hankali, "me na ce maka?"

"Umma, kin ce ba abin da zai faru. Ya faru."

Ya kwance igiyar shanya, da zannuwan jaririya a jiki, ya ɗaure daga ƙofar kicin zuwa gindin matakala, ya kora mata bayan igiya. Ya ɗauko alli ya zana da'ira a kewayen robar da ke ƙasa.

Lailatu ta leƙo daga ɗaki, kai ɗaure, ta ce, "Wai mutuwa robar ta yi?"

"Yaya, haka ake yi. Ki koma ki kwanta, ke ma ban cire ki daga zargi ba."

"Ni da ban taka ƙofar nan ba tun da na haihu?"

"Wanda ba a zato shi ke yi. Darasin farko kenan."

Ya durƙusa ya kama bin ƙasa da gilashi kamar kaza tana tsintar gero. Ya tsinci ƙashin kifi, ya ce ɓarawon mai cin kifi ne. Ya tsinci gashi, ya ɗaga wa haske ya ce ɓarawon gajere ne mai furfura. Mubina ta ce daga bayan igiya, "Duktur, wannan na kyanwarku ne." Ya ji "Duktur" ɗin har ƙashinsa, sauran maganar bai shiga kunnensa ba.

Da rarrafe ya kai lungun bayan matakala, inda mata ba sa hangowa, inda ruwan mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ke ɗiga daga sama. Nan ya ci karo da wani jiƙaƙƙen buhu, an ɗaure bakinsa da tsumma, wasu faffaɗan ganye na leƙowa ta gefe. Ya ɗaga, da nauyi. Ya latsa, abubuwa ne masu tauri a ciki. Murna ta kama shi.

"Duwatsu," ya ce a ransa. "Da su ya zo, in an kama shi ya yi jifa. Damshin nan kuwa gumin tsoro ne. Duk jininsa da asalinsa na cikin gumin nan."

Malaminsu ya ce shaida ba a buɗe ta sai a ɗakin gwaji. Don haka ya zura buhun cikin baƙar leda, ya naɗe da salatif har ya ƙare, ya rungume a hammata ya fito yana taku ɗai-ɗai.

"Mene ne a ciki?" in ji Tani.

"Shaida. Ba a buɗewa."

"To ka bari in duba tukunya, shinkafa za ta kama."

"Kicin ɗin a rufe yake, Umma. Ma'alesh."

Daidai lokacin Ruƙayyatu maƙwabciyarsu ta shigo da tandar waina a ka. Ita ce ta fara zuwa taya aiki tun gari bai gama wayewa ba, ta koma gida ɗauko tanda. Ta ga igiya, ta ga alli, ta ce, "Lafiya? Wa ya rasu?"

Wata ta ce, "Goro ne ba a gani ba."

"Goron? Ai ni..."

"Kun ji!" Zaharadden ya daka tsalle ya nuna ta da yatsan roba. "Kowa ya shaida. 'Ai ni.' Ta fara amsa laifi!"

"Kai Dini, cewa zan yi ni ce na..."

"Khala, shiru! Duk abin da kika faɗa yanzu zai iya cin ki. Sai an zo kanki."

Ruƙayyatu ta dire tanda ta riƙe ƙugu. "Ni? Ni da na goya ka kana tsula mini fitsari a baya? Ni ce ɓarauniya? To wallahi na kama bakina. Ko za ku kwana nema, ba zan ƙara cewa uffan ba." Ta juya wa kowa ƙeya ta zauna a kan turmi.

Shi kuwa gogan ya riga ya wuce gaba. Garin da ake barbaɗawa don zanen yatsu bai taho da shi ba, sai ya faɗa ɗakin Lailatu ya kwaso kwallinta da burushin hodarta. Ya juye kwallin kan robar, ya shafa wa firij, ya shafa wa marfin ƙofa. Ya kai fuska kusa yana hura iska a hankali yadda ya gani a aji. Fankar kicin ta juyo ta taya shi. Da ya ɗago, idanu kaɗai ke haske a fuskar.

Mata suka kwashe da dariya har wata ta zauna a ƙasa. Mubina ta cusa gyale a baki.

"Na samu!" in ji shi. "Ga yatsu nan birjik!"

"Yo ba dole ba," in ji Tani. "Firij ɗin nan har kai kana buɗe shi sau ba iyaka. Dini, ƙauri nake ji."

Wayarta ta yi ƙara. Malam Hussaini ne. "An raɗa? Ragon nan ya fara cin gefen rigata."

"Ka ƙara haƙuri, Malam. Ɗanka na aiki."

Zaharadden ya tsaya ya yi tunani mai zurfi, sai wata dabara ta faɗo masa wadda ya tabbata ko malaminsu bai taɓa yin irinta ba. Duk wanda ya saci goro sai ya ɗanɗana. Duk wanda ya ɗanɗana kuwa, haƙoransa za su tona shi. Ya nufi falo, leda a hammata.

Ya yi sallama. Dattawa suka amsa suna kallon baƙar fuska da farar riga. Munir ya taso da sauri ya raɗa masa, "Kai, Dini, fita mu yi magana." Ya goce.

"Ya jama'a, an yi sata a gidan nan. Kowa ya buɗe baki."

Wasu don mamaki bakin ya buɗe da kansa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da gilashi. Na farko ja. Na biyu ja. Na uku har dasashi. Zufa ta fara keto masa, tana jan layi a cikin kwallin. Bai taɓa zaton ɓarayin za su kai haka yawa ba.

Ya iso gaban Malam Badaru, wani tsoho mai dogara sanda. Tsohon ya wage baki fal, ba ko haƙori ɗaya.

"Ni dai na tsira, jikana."

"Kai na fi zargi, Malam. Ka ɓatar da shaida." Ya ga wani abu ya turo aljihun tsohon, ya zaro. Ɗan gwangwani ne da aka huhhuda da ƙusa. "Wannan fa?"

"Magogina ne. Da shi nake goga goro tunda ba haƙori."

"Makami!" in ji Zaharadden, ya jefa a aljihun farar riga.

Saura mutum ɗaya. Baba Ikrama na zaune a kan kujerar tsakiya, farar rigarsa ta sha guga, carbi a hannu. Zaharadden ya rusuna da ladabi, don ya san gaban wa yake, ya dafa kafaɗar dattijon da safar da ta sha kwalli.

"Baba, don Allah, ɗan 'aaa'."

Baba Ikrama ya dubi kafaɗarsa. Yatsu biyar baƙaƙe, ras, kamar an buga hatimi. Ya ɗago ya dubi mai hatimin.

"Yaro, haƙoran nan tun kafin babanka ya san hanyar gidan su ummanka suke ja."

"Wato ka daɗe kana yi kenan, Baba."

Wani ya ce, "La'ilaha illallahu." Munir ya rufe fuska da hula.

Zaharadden ya fahimci haƙora ba za su raba gardama ba. Sai babbar hanya, wadda ba ta ƙarya. Ya koma kicin, ya zuba sauran kwallin a ɗan faranti, ya ɗiga man zaitun ya dama. Ya zo ya tsaya a ƙofar da ta raba falo da tsakar gida, inda maza da mata duk za su ji shi, inda Mubina za ta gan shi sosai. Ya ɗaga faranti a hannu ɗaya, waya a ɗayan. Ya nemi kalmar a Hausa bai samu ba, sai ta zo masa da Larabci, ya kuwa sake ta da iyakar muryarsa.

"Halas! Ba mai fita! Kowa ya yi layi, maza nan, mata can. Yalla, basma! Zan ɗauki basmar kowa in aika!"

Wata murya ta ce a raunane, "Ka aika ina?"

"Inda ake aikawa mana!"

To, a wajen Zaharadden, da aka haifa da iƙama, takardar izinin zama, a ƙarƙashin ta babansa, basma ba komai ba ce illa dangwala yatsa. Amma fiye da rabin mutanen da ke gidan nan umra ta kawo su suka zauna, wasu kuma takardarsu ta mutu ba a sabunta ba. A wajensu basma ita ce abin da ake yi wa mutum a gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora ƙasarsu, kafin a sa shi a jirgi. In an yi maka ita, kai da ganin Ka'aba sai wani ikon Allah. Kalma ce da ko a hira sai an rage murya ake faɗinta. Ga shi yau wani mai farar riga da safar hannu ya tare ƙofa yana ihunta.

Sai gidan ya fashe.

Maza suka yi ƙofar waje a dunƙule har suka maƙale, sannan suka ɓalle gaba ɗaya kamar an cire toshiya. Mata suka tsinke igiyar shanya, zannuwan jaririya suka tashi sama. Ƙullun waina ya kife, masu gudu suka yi ta sulɓi a ciki suna tashi ba mai cewa wayyo. Malam Badaru, da aka shekara ana riƙe shi in zai tsallaka kwata, ya bar sandarsa a falo ya riga samari kaiwa bakin layi. Ruƙayyatu ta haye matakala, ta kama katangar soro ta dira gidan maƙwabta, ba wanda ya san tana da wannan baiwar, har ita kanta.

A waje labari ya riga masu gudu. Kafin su kai baƙala an ce Jawazat, jami'an kamen marasa takarda, sun shigo layi. Kafin su kai shagon tela an ce motoci sun tare gaba da baya. Yazan ya ja ƙofar shagonsa ƙasa garam. Wanzamin kwana ya bar wani da rabin kai a aske, shi ma mai rabin kan bai tsaya neman ƙarashe ba.

Zaharadden ya tsaya da farantinsa, baki har kunne. "Umma, kin gani? Gudu shaida ce! Ba mutum ɗaya ba ne, ƙungiya ce!" Ya hango gefen wata farar riga ta ɓace a saman matakala. "Ga shugabansu can!"

"Dini, dawo nan!"

Ina. Ya kwasa sama bibbiyu. Ya kusa ƙarshe kenan sai wata ƙusa da ke jikin makarin matakala ta kama baƙar leda. Ya fizga. Leda ta yage, tsumman bakin buhu ya kwance, ganye ya baje.

Goro ya ɓarke.

Fari da ja, manya-manya, sumul, suna sheƙi don damshi, suka yi ta gangarowa, ƙwas, ƙwas, ƙwas, daga matakala zuwa matakala, har tsakar gida. Wani ya tsaya a gaban Tani. Wani ya shige ƙarƙashin zanen Lailatu da ke tsaye da jaririya. Wani ya mirgina ya daki ƙafar Mubina, wadda ita tun da aka fara gudu ba ta motsa ba, dariya ta hana ta.

Shi dai Zaharadden a faranti ya san goro, wankakke, an jera. Bai taɓa ganin yadda ake naɗo shi a ganye da jiƙaƙƙen buhu ba.

Tani ta sunkuya ta ɗauki ɗaya, ta juya shi, ta ɗaga kai ta dubi ɗanta. "Wannan ce shaidar da ba a buɗewa?"

Daga soron maƙwabta muryar Ruƙayyatu ta taso, alƙawarin kama baki ya warware. "Ni na kai shi ƙarƙashin mukayyif don kar ya bushe! Abin da zan faɗa kenan ka ce na amsa laifi! Ga shi ka sa na tsallake katanga da girmana, ɗan banza mai fuskar tukunya!"

Sai aka ji tari a bayan tankin ruwan soro. Aka sake ji. Sannu a hankali Baba Ikrama ya fito, hula a karkace, yanar gizo a gemu, takalmi ƙafa ɗaya, ga yatsu biyar a kafaɗa. Ashe kafilinsa, ɗan ƙasar da ya tsaya masa a takardar zama, ya rasu bara, takardarsa na nan a rataye, bai gaya wa kowa ba. Ya sauko yana tsallake goro, ya tsaya a gaban Zaharadden.

"Sun tafi?"

"Su wa, Baba?"

"Masu basmar."

"Ai ni ne, Baba."

"Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai." Ya ɗan gyara kwalar riga, don ko ba komai aikin mutum ɗaya ne.

Baba Ikrama ya daɗe yana kallonsa, leɓensa na motsi, da alama istigfari yake don kada wata kalmar ta riga fita. Can ya ce, "Cire rigar nan. Wanke fuskar nan. Tsince goron nan tas ka zuba a faranti, ka bi gida-gida ka ba mutane haƙuri ka dawo mini da su. In ka bari kalmar nan ta sake fita daga bakinka, ni da kaina zan kai ka filin jirgi."

Haka aka yi. Ya bi layi da faranti a ka, yana ƙwanƙwasa ƙofofi, ana amsa masa ta taga. Wasu sai da suka ga goro da idonsu suka fito. Malam Badaru ya ce ba inda za shi sai an mayar masa da magoginsa, kuma sai an riƙe shi, don ƙafarsa ba ta da ƙarfi. A hankali falo ya sake cika, sai dai kowa ya zaɓi zama kusa da ƙofa. Shinkafa kuwa ta riga ta zama gawayi daga ƙasa, mata suka kwashe ta sama suna Allah Ya isa ƙasa-ƙasa.

Baba Ikrama ya zauna, ya yafa ƙyalle a kafaɗar da aka yi wa hatimi, ya yi bisimilla ya yi salati. Ya ce uban jaririya ya matso ya faɗi suna. Munir ya durƙusa, sai ya yi turus kamar wanda ya tuna wani abu. Ya kai baki kunnen dattijon ya raɗa.

Baba Ikrama ya zabura ya tattare rigarsa. "Kai ma?"

"Wallahi Baba tun tana ciki muka zaɓa. Ba waccan ba ce. Wannan da sinun ake rubuta ta, ma'anarta murmushi. Waccan da sadi ce."

"Mu nan bakinmu ɗaya yake kiransu!"

"Na riga na yi mata huɗuba da shi, Baba."

Dattijon ya share zufa. Ya dubi jama'a, jama'a suka dube shi. Ya ce, "To, kowa ya zauna da kyau. Ba abin da ya faru, ba kuma abin da zai faru. Wani ya riƙe mini Malam Badaru. Abin da zan faɗa suna ne, sunan mutum, mai kyau. Da Hausa murmushi kenan. Sunan yarinya..." ya rage murya kamar mai gulma, "...Basma."

Duk da haka sai da mutum biyu suka kai bakin ƙofa kafin kunya ta dawo da su. Sai dariya ta kece, irin wadda ke sa hawaye, har Baba Ikrama sai da haƙoran nan jajaye suka fito gaba ɗaya ba wanda ya roƙe shi. Aka shafa fatiha, aka raba goron kaka.

Tani ta buga wa mijinta waya. "Malam, a yanka. Basma."

"Basma? A gidana? Ku ɓoye Ruƙayya, ga ni nan!"

"Sunan ne, Malam! Sunan!"

Da jama'a suka fara watsewa shirin masallaci, Baba Ikrama ya sa aka kira Tani bakin ƙofar falo, ya sa Zaharadden ya tsuguna a gabansa.

"Na ce zan duba hankalinsa, na kuwa duba. Na duba har bayan tanki." Ya numfasa. "Ba mugu ba ne. Mugu ba ya rungumar kayan da yake nema ya yi ta yawo da su. Amma maganar turo manya a hutun nan, babu ita. Ya koma ya gama wancan babban karatun, wanda ake cin abinci da shi. In ya dawo da takardarsa, aka kuma yi wata guda cur ba a yi gudu a layin nan saboda shi ba, ku turo."

"Mun gode, Baba," in ji Tani, tana murza kunnen ɗanta ta baya. "Allah Ya ƙara girma."

"Ranar kuwa, in Allah Ya kai mu, goro a hannuna zai kwana," in ji Baba Ikrama.

Ya miƙe yana neman ɗayan takalminsa. Zaharadden ya dubi ƙasa, idonsa ya kawo haske. "Baba, sawun ya nuna cewa..."

"A'a!" in ji gidan gaba ɗaya, har da Ruƙayyatu daga kicin. Baba Ikrama ya ari silifas ɗin banɗaki ya fice da sauri.

A tsakar gida Zaharadden ya tarar da Mubina tana kankare ƙanzon tukunya. Ya tsaya nesa kaɗan, yana murza kunnen da ya sha matsa.

"Kin ji hukuncin?"

"Na ji, Duktur. Sai ka gama tuwo."

Ya sunkuyar da kai, abin da ba a saba gani ba. Har ta fara tausaya masa. Sai ya ɗago, ƙirjin ya dawo inda yake.

"Amma ki faɗi gaskiya, Mubina. Tun ba a gama salati ba kayan suna hannuna. Ko malaminmu bai taɓa gano kayan sata da sauri haka ba."

Mubina ta miƙa masa cokalin kankara ta ce, "Haka ne. Zo ka binciko mana gindin tukunyar nan."